Kwamfutar da Malam Mordecai Ya Bari a Kunne

Rabaran, shugaban wannan ikilisiya. Dattawa abokan aikina. Mai Unguwa da ya tako da kansa, ranka ya daɗe. Shugabar zumuntar mata da mawaƙanmu. 'Yan'uwanmu na Sabon Gari da Jushi da suka rufe shagunansu suka zo. Maƙwabtanmu Musulmi da ba su bar ƙofar gidan nan ba tun ranar rasuwa. Mama Dinatu, uwar gida. Eric da Christabel, 'ya'yanmu: salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka.

Sunana Shekari. Makarantar firamare ɗaya muka koyar da Malam Mordecai a Samaru har muka yi ritaya. An ce in yi magana a madadin jama'a, kuma wanda ya zaɓe ni ya san ba na rufa-rufa. Saboda haka ku yi haƙuri da ni.

Ya kasance malami, ya kasance dattijon ikilisiya, ya kasance uba ga ɗaliban da ke haya a gidansa a nan Bomo. Ya kasance kuma mutumin da bai taɓa yarda da abu don an ce masa ya yarda ba. In ka kai masa buhun taki, sai ya farke bakinsa ya zura hannu har ƙasa. In ka gaishe shi da fara'a fiye da kullum, sai ya tsaya yana jiran abin da ka zo nema. Mun yi masa dariya, mun yi masa tsiya, bai taɓa fasawa ba.

Ya kasance mai tara muryoyi. Tun zamanin kaset yake bin tsofaffinmu gida-gida da rikoda, yana ɗaukar waƙoƙin sujada da Hausa, da Jju, da Tyap, da shaidar waɗanda suka fara kafa wannan majami'a a ƙarƙashin rumfar kara. Yawancinsu sun riga mu tafiya gida. Wani lokaci aka ba shi shawara ya ɗora wasu a wani shafin intanet, wai can ba sa ɓata. Ya yi, karo na farko a rayuwarsa da ya karɓi shawara ba gardama. Wata rana shafin ya rufe, ba sallama. Muryoyi da yawa suka tafi, har da ta mahaifiyar Mama Happiness ta wannan ikilisiya, kuma kaset ɗin asali sun riga sun lalace. Ranar na ga hawaye a idon Mordecai. Ya ce mini, "Shekari, na ba mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba ajiyar matattunmu. Ba zan sake ba."

Sai ya je Sabon Gari wajen Emenike mai gyaran kwamfuta, ya sayo wata tsohuwa. Ya ce sabar yake so a gidansa, wato kwamfutar da za ta zauna a kunne kullum, ta riƙe komai, duk wanda ya shigo gidan ya jawo muryar kakarsa da wayarsa. Ɗaliban suka ce ya ɗora mata Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, kyauta ne, kuma kowa na iya buɗe cikinsa ya ga yadda aka gina shi.

Ya ce, "Kyauta? To masu yin sa da me suke cin tuwo?"

Abin da ya ɗan kwantar masa da hankali shi ne maganar buɗe cikin. Amma da ya ji Linux ɗin ma iri-iri ne, kowane ɗalibi na yabon nasa, sai ya fara bincike kamar za a aurar da Christabel. Su wane ne iyayen wannan? Tun yaushe yake raye? In an gano ɓaraka a jikinsa, akwai masu toshewa, ko sun watse? In ya ƙi tashi, wa za a tambaya, kuma zai amsa wa wanda bai iya ba ko zai yi masa dariya?

Bayan nan ya yi abin da ya ɗaure wa unguwa kai. Ya sa aka zuba masa kowane iri a fulash daban, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Ya zaunar da Mama Dinatu a gaban kwamfutar, matar da ko saƙon waya sai Christabel ta rubuta mata, ya ce ta ɗora da kanta. Shi kuma ya koma baya ya harɗe hannu, ya hana kowa sa baki. In ta gama, sai ya tashi ya zare wayar wuta daga bango kamar an ɗauke wuta, ya ce, "Maman Eric, tayar da ita."

Ina nan wata rana ta ce masa, "Malam, ni fa miya na bari a wuta."

Ya ce, "Ta jira."

Mun yi zargi iri-iri, ba zan ɓoye ba. Matan zumunta suka ce wahalar da baiwar Allah yake yi. Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Ni kuma na ɗauka so yake ya ƙure yaran. Duk irin Linux ɗin da ya tsayar da ita a baƙin allon kwamfuta yana jira ta rubuta abin da ba ta sani ba, sai ya zare shi ya ajiye, komai yabon da aka yi masa. Har aka zo kan wani iri mai suna Ubuntu. Ta ɗora shi, aka zare waya, ta tayar da shi, ta nemo waƙar da ya ce ta nemo, ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya.

Na ce masa, "To, ka yarda da wannan ke nan?"

Ya ce, "Ban yarda da shi ba. Amma Dinatu ta iya shi."

Ba mu sani ba ashe a lokacin ya riga ya karɓo sakamakon gwajinsa daga asibiti. Bai gaya wa kowa ba. Ba don kansa yake zaɓa ba, don wadda zai bari ne.

Yanzu bari in faɗi abin da ke ci mini rai. Zama da Mordecai ya koya mini lura. Emenike, na gan ka can baya. Sau biyu ka zo gaisuwa, mun gode, amma a na biyun idonka na kan teburin lungun falo, inda kwamfutar take, fiye da kan masu makoki. Ban ce ka yi laifi ba, kuma ban ce kai ka kawo kanka ba. Eric ɗana, na ji ƙishin-ƙishin za ka tafi da mahaifiyarka Abuja, ka kwashe komai ka ɗora a gajimare, wato ma'ajiyar intanet, a kashe tsohuwar kwamfutar a rabu da ita. Na san ƙauna ce ta sa. Amma na tambayi dattawa, na tambayi matan zumunta, ban sami wanda ya ji an tambayi Mama Dinatu ba. An tambaye ki, Maman Eric? Kun ga, ta girgiza kai.

To ka ji abin da ba ka sani ba. Bayan jana'iza mun nemi muryar mahaifinka don mu sa a wannan taro. Mutumin da ya ɗauki muryar kowa a ikilisiyar nan bai taɓa yarda an ɗauki tasa ba. Muka bincika, babu. Mahaifiyarka ce ta ce mu matsa. Ta buɗe wata waƙar zumunta ta da can, wadda ita ce ke bayarwa tana amarya. Kafin waƙar ta fara, sai ka ji shi daga bayan rikoda yana cewa, "Ki fara, Dinatu, ina jin ki." Shi ke nan abin da ya rage mana na muryarsa. Kowace safiya takan zauna a kujerar nan ta buɗe da hannunta, ba ta roƙi kowa ya buɗe mata ba.

Ka kwafa iya kwafarka, Eric. Ka kai Abuja, ka ba Christabel nata, ka ɗora a duk inda hankalinka ya kwanta. Amma wannan da ke falo, kada ka kashe mata.

Mun gode wa duk wanda ya tako, da wanda ya dafa, da wanda ya zauna da iyalin nan. Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Mordecai cikin hutunka. Ka ta'azantar da Dinatu, ka ba 'ya'yanta kunnen jin ta. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.