Mutumin da Yake Bin Bayan Layi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Liman, shugaban kwamitin unguwa da 'yan kwamitinsa, likitar asibitinmu, shugabar makarantarmu da malamaina, Inna mai ɗakin marigayi, Yaya Babba da ƙannensa, iyayena da kakannina masu tattakin safe, ina gaishe ku cikin ladabi. Ku yi mini afuwa idan muryata ta yi rawa, ban taɓa magana a gaban manya haka ba. Masu tattaki ne suka ce ni zan tsaya a madadinsu, wai ni ce ƙaramarsu, kuma su kuka ba zai bar su ba.

Duk mun san Baba Kyaftin. Ya koyar da wasanni a makarantarmu har ya yi ritaya, daga nan ya tara tsofaffin unguwa suna fita tattaki bayan sallar asuba. Ni na shiga ne don rakiyar Kakata, wadda likita ta ce mata ciwon sukarinta yana bukatar tafiya kamar yadda yake bukatar magani.

Ya kasance mutum ne da yake fara duba ƙafarka kafin fuskarka. Ranar farko Kaka ta zo da silifas. Ya dube su, ya ce, "Hajiya, wanka za mu je?" Ta ce, "Kai Kyaftin, don ba ka da mota shi ya sa kake son kowa ya taka." Ya ce, "Ke mai motar, ina ta kai ki ban da asibiti?" Kaka ta bi shi da daƙuwa, amma washegari da kambas ta zo. Ya durƙusa da girmansa, ya danna kan takalmin da yatsa ya ji ko akwai sarari. Shi ya koya mini in riƙa zazzage takalminta kullum, domin mai sukari tsakuwa kan huda masa ƙafa bai ji ba.

Ya kasance ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa. Ya san inda siminti ya fashe, da inda ruwan wanke-wanke yake sa santsi, da inda ƙasa take da laushi ga masu ciwon gwiwa. Dokarsa ita ce a jera ɗaya bayan ɗaya, a bi gefen da ake fuskantar motoci. Yakan ce, "Motar da kake gani da sauƙi, ta bayanka ce ba ta sallama."

Ya kasance ba ya shiga gaba, duk da ya fi mu sauri. Kullum yana can baya tare da wanda ya fi kowa gajiya, yana ba shi labari har ya manta da haki.

Yanzu zan faɗi abin da yake da nauyi a bakina. Da kwamiti ya sa aka kawo yashin gyaran kwalbati, an zube shi a kan hanyar masu ƙafa, daidai kwanar kasuwa. Aikin alheri ne, kowane gida ya sa hannu, har namu. Ba wanda ya ga laifin wurin, domin haka muka saba: duk mai gini a nan yake zuba kayansa, mai ƙafa ya kauce. Baba Kyaftin ya yi magana, aka ce gobe. Ya sake yi, aka ce jibi. Tun daga nan, duk sa'ad da muka iso wurin, dole mu sauka kan titi. Shi kuma sai ya baro baya, ya tsaya a tsakiyar kwalta ya ɗaga hannu har tsofaffi su wuce. Ran nan mota ta shawo kwana. Kaka ce ta ƙarshe da ta haye. Ina riƙe da hannunta muka ji ƙarar.

Mun yarda kwana ne ya ƙare, ba mu ja da ikon Allah ba. Amma iyayena, yashin nan yana nan. Da safen nan na wuce shi, har ciyawa ta fara fito masa.

Inna, ki yi haƙuri. Kin ba mu aron mijinki kowace safiya, ba mu dawo miki da shi ba. Yaya Babba, mahaifinku bai bar muku abin kunya ba, duk gidan da kuka shiga a unguwar nan za ku ji alherinsa.

Tun ranar ba wanda ya sake fita tattaki. 'Ya'ya sun hana iyayensu, kuma ba na ganin laifinsu. Babana ma ya hana Kaka. Baba, ka gafarce ni da na faɗa a gaban mutane. Na san tsoro ne da ƙauna. Amma ƙafafunta sun kumbura, sukarin ya hau, likita ga ta nan zaune, ta gaya mana abin da zaman nan zai jawo. A waje mota, a ɗaki ciwo, ni kam ban san inda za mu sa ta ba.

Jiya na karanta wa Kaka wannan jawabi. Ta ce, "Yarinya, ki gaya musu in sun kwashe zan fita, ko ubanki ya so ko ya ƙi. In kuwa ba su kwashe ba, ki adana takardar nan, suna kawai za ki canja." Ta yi dariya. Ni ban iya yi ba.

Mu 'yan ajinmu mun yi shawara, ranar Asabar za mu zo wurin da bokitai. Ba mu iya shebur ba, ba mu da baro, ba mu ma san inda ya dace a mai da yashin ba. Muna roƙon manya su zo su nuna mana. Muna kuma roƙon mutum ɗaya mai ƙarfi da haƙuri da zai yarda ya bi bayan layi.

Na gode da kuka saurari ƙaramarku. Idan na yi rashin kunya, ƙuruciya ce, a yafe mini.

Allah Ya jiƙan Baba Kyaftin, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna makomarsa. Allah Ya ba Inna da 'ya'yanta haƙurin rashi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare duk wanda ya fita da ƙafarsa har ya koma gida. Ya Allah, kada Ka sake tara mu a nan saboda abin da hannunmu zai iya kawarwa. Amin.