Na kai wa mai ɗori, ashe ba karaya ba ce

Gaisuwa gare ka mai gabatarwa, sannu da fama, da duk masu saurare. Sunana Talatu, mai girki ce ni a wani gida a Rayfield.

Da uwargijiyata za ta koma ƙasarsu, ta bar mini wata 'yar dabba, Turawa na ce mata feret, doguwa kamar tunku. Shekara huɗu muna tare, a kwandon wankina take barci. Kwanakin baya ta fara jan ƙafafunta na baya. Na zaci faɗowa ta yi, sai na naɗe ta a zane na kai wa wani mai ɗori a Ali Kazaure. Tsohon ya shafa bayanta ya ce, "'Yata, nan babu karaya, kai ta asibiti." Ban ji ba, na yi mako uku ina gasa mata da ruwan zafi.

Da na je wurin likitan dabbobi, ya yi hoto da gwajin jini. Ya ce ciwon daji ne a ɓargo, har ya ci ƙashin baya, sai dai allurar da za ta hutar da ita.

Wallahi na gaji. Kullum wanke ta, kullum ɗura da cokali, maƙwabta kuma na dariya wai ina kuka kan ɓera.

Jama'a, ku ba ni shawara: in yarda ko in bari? Yanzu haka tana kan cinyata, tana lasar hannun da likita ke jira ya sa a takardar amincewa da allurar.