Tsumman Cikin Kwalekwale

A tashar motar Illo, Malam Bilyamin, malamin makaranta mai rubuta littattafai, yana jiran motar Bagudo ta cika. Wani dattijo ya zauna kusa da shi.

"Ɗana, ka san inda wani Bilyamin ke koyarwa a Bagudo?"

"Na sani, Baba. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Jikata ta karanta mini littafinsa. Mai kwalekwalen da ya nutse da yara biyu, ai ni ne."

"An ce ƙagaggen labari ne, Baba. Kwalekwale nawa suka nutse a gulbin nan?"

"Ƙagagge? To wa ya gaya mishi na ga hujin tun da safe, na cusa tsumma na yi shiru? Ko matata ba ta sani ba."

Bilyamin kuwa shi ya ƙirƙiri tsumman nan da kansa, bai ji daga kowa ba.

"In kun haɗu, me za ka yi masa?"

"Tambaya ɗaya gare ni. A littafin, uwar yaran ta yafe. Ina son in ji ko daga bakinta ya ji."

Sai ɗan kamasho ya ƙwala kira: "Malam Bilyamin, gidan gaba naka ne!"

Bilyamin ya miƙe. Dattijon ya juyo a hankali, ya riƙe masa hannun riga.

"To, Malam, ta yafe?"

Bilyamin ya koma ya zauna.

"Ban san ta ba, Baba. Amma in ka san gidanta, zan raka ka."