Turken da Ya Hana Ni Shuka Masara

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ne Bitrus na Ba'awa, wanda bara kuka riƙa gani zaune a gona da babbar riga. Yau za ku ji dalili.

Gab da damina, wani ƙaramin kamfanin neman man fetur ya shigo yankinmu yana gwaje-gwaje, suna kakkafa turaku masu jan ƙyalle. A Kwanar Dangora na ji direbansu yana cewa, "Mu ƙanana ne, amma da zarar an ga alamar mai, manyan kamfanoni za su zo su zuba jari, mu haɗa hannu."

Kwana biyu bayan haka na je gonata, sai ga turke mai jan ƙyalle a tsakiyarta! Na ce shi ke nan, ni da fartanya mun raba gari.

Ban gaya wa kowa ba, har matata Saratu, don in ta ji, to zumuntar mata ta ji. Na hana ta taka gonar. Ruwa ya sauka, kowa ya shuka masara, ni na ƙi. Wa zai shuka masara a kan rijiyar mai? Kullum ina gindin turken nan ina jiran manyan baƙi, ina gwada gaisuwar Turanci. Har sujada na daina zuwa, kada su zo su tarar ba na nan. Kwaɗayi ya cinye ni!

Rumbu kuwa sai ƙasa yake yi. Wata safiya Saratu ta ce, "Baban Rahila, hatsin nan ba zai kai mu kaka ba, ga shi ba ka shuka komai ba. Me yaran nan za su ci?" Ta durƙusa tana kuka: "Ya Uba, ka tona abin da ya kama mijina!"

Kunya ta rufe ni. Na durƙusa kusa da ita, na roƙi gafarar Ubangiji, na fayyace mata komai.

Ta share hawaye ta dube ni. "Mai jan ƙyalle? Ai ni na tuge shi a bakin hanya na ɗaure akuya, ranar da na je sharar gona."

Wayyo ni Bitrus! Sati shida ina gadin turken akuya!

Na mayar wa mutanen kamfanin abinsu. Suka ce dama alamar hanyar motarsu ce kawai. Har yau suna neman babban kamfanin da zai riƙe musu hannu, ina kuwa yi musu addu'a.

Lokacin masara ya wuce, amma Allah ya bar mana na wake. Muka shuka, ya yi albarka, yarana ba su kwana da yunwa ba. Godiya ta tabbata gare shi!

'Yan'uwa, ku dogara ga Ubangiji, shi ne mai ciyar da mu. In kuma kuka ga turke a gonarku, ku yi addu'a tukuna, sannan ku tambayi matanku. Halleluya!