Hutun da ya cinye mini ƙashi

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Ƙarfe huɗu na yamma ne, ran Alhamis. A tsakar gidanmu a Kangire akwai ni, da ɗana Ishaya, da matarsa Hannatu. Na dafa ƙasa zan tashi daga kujera in tafi zumuntar mata, sai na ji ƙas! Wuyan hannuna na dama ya karye. Ban faɗi ba, ba wanda ya ture ni. Ƙasa kawai na dafa.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Shekarar da aka raba mu da Kano aka ba mu Jigawa, a cikinta al'ada ta ɗauke mini, a cikinta kuma Ishaya ya yi aure. Kun san yadda muke yi: in suruka ta shigo, uwa ta zauna. Aka karɓe mini taɓarya, aka karɓe tulu, aka karɓe fartanya. Ko tsintsiya na ɗauka sai Hannatu ta rugo, "Haba Inna, so kike a zage ni a gari?" Sai na zauna a inuwa. Nono da kifi na jikoki ne, ni tuwo da miyar kuka sun ishe ni. Haka na yi ta cin shekaru, ina cewa Allah ya hutar da ni.

Yayata Talatu a Basirka ita ma irin wannan hutun aka yi mata. Ta zame a bakin ɗaki, ƙugu ya karye. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, ƙashi ya ƙi haɗuwa. Ta kwanta a tabarma har bayanta ya ɓarke da gyambo. Ni na je jinya, ni nake juya ta, tana kuka tana roƙona in bar ta. Ba ta ga girbi ba, ta rasu.

Da aka ɗauki hoton hannuna a asibiti a Birnin Kudu, likita bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Mama, in al'ada ta ɗauke, ƙashin mace raguwa yake yi, zama kuma ƙara cin sa yake. Naki ya zama kamar karan da gara ta shiga. Yau hannu ne. In ba ki tashi ba, gobe ƙugu ne."

Wayyo! Tabarmar Yaya Talatu kawai nake gani.

Da safe na so in durƙusa, gwiwa ta ƙi. A zaune na yi addu'a ina hawaye: "Ya Yesu, kai da ka ta da guragu, kada ka bar ni a kan tabarmar nan." Kafin in ce amin, tsoron maganar mutane ya fita daga raina.

Na kira Ishaya na ce zan koma zuwa gona da ƙafata. Ya ce, "Inna, ina raye? Me za a ce da ni?"

Na ce, "Zaɓi ɗaya. Ko a gan ni a hanyar gona, ko ka riƙa juya ni kamar yadda na juya yayata."

 Sai ya tashi ya saro mini sanda.

Na fara da tafiya da hantsi, rana tana taɓa jikina. Bayan nan abinci: kindirmo, zogale, riɗi, da ƙananan kifi har ƙayarsu. Da hannu ya warke na karɓi tsintsiyata. Maganin likita ban tsallake ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba. Bayana ya riga ya ranƙwafa, hannun nan kuma ba ya dunƙulewa. Yaya Talatu ba za ta dawo ba. Amma yau da ƙafata na je majami'a. Yabo ga Ubangiji!

Ku dogara gare shi, ba ya yasar da mai kiransa. Kai kuma mai karanta wannan, in uwarka tana zaune a inuwa yanzu, ina roƙonka, ka je ka miƙa mata ƙwaryar nono, ka mayar mata da tsintsiyarta.