Layin da Yaya Ta Keɓe wa Umma

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, shugaban wannan makaranta ta koyon tuƙin jirgin sama, malamai masu koyarwa a aji da masu koyarwa a sama, injiniyoyin da nake hangowa suna leƙe ta bayan fiffike, iyayenmu maza da mata, sababbin matuƙa da aka miƙa wa lasisi yau, da sauran jama'ar da suka cika wannan rumfa ta jirage, barkanmu da ganin wannan rana.

Godiya ta tabbata ga Allah, sannan ga makarantar da ta nemi wani daga iyalan ɗalibai ya yi magana. Abba ya ce Umma ta yi, Umma ta ce Abba ya yi, ƙarshe abin ya faɗo kaina, ni auta.

Maganata a kan littafin awanni ce, wanda kowane matuƙi yake rubuta tashinsa a ciki. Ni ma'abociyar littattafan soyayya ce, don haka ranar da Yayata, ɗaya daga cikin waɗanda aka miƙa wa lasisi yau, ta miƙo mini nata, na zaci zan tarar da gajimare, da faɗuwar rana, da bugun zuciya. Sai na tarar da kwanan wata, lambar jirgi, inda aka tashi, inda aka sauka, da lambobi jere kamar tururuwa. Na ce, "Yaya, ina daɗin yake?" Ta ce, "Ke Auta, kin ɗauka kowa irinki ne? Tashi ki wanke kwanuka."

Amma sannu ba ta hana zuwa, a hankali na iya karanta shi.

Abu na farko, ba a jira jirgi ya rabu da ƙasa kafin a fara lissafi. Ana farawa tun da taya ta motsa da niyyar tashi, ba a rufewa sai ta tsaya cak. Ko tafiyar hawainiyar da ake yi a titin jirgi ba a raina ta, ana rubutawa.

Na biyu, kowane lokaci da gurbinsa: na rana daban, na dare daban, wanda malami yake gefenki daban, wanda ba ya nan daban. Shafi bayan shafi, sa hannun Kyaftin ne, malamin Yaya, a ƙarshen layi. Rannan sai ga layi, a gurbin ƙarin bayani ta rubuta, "Ni kaɗai." Na karanta littattafai jibgi, jama'a, amma babu wanda ya sa ni hawaye kamar wannan ɗan rubutu.

Na uku shi ya tsayar da ni a gabanku. Ɗalibi ba ya ɗaukar fasinja, sai mai lasisi. Yaya ta yi alkawarin sunan Umma ne zai fara shiga littafinta, kuma ba za ta ɗauki kowa ba sai bayan ta. Abba yana jira, ni ma ina jira. Umma kuwa ko tsani ba ta hawa. Ta ce, "Yarinyar da ta ƙona mini tukunya biyu ce za ta kai ni sama? Komai nisan jifa..." Yaya ta ce, "Umma, mu saukowa muke yi, ba faɗowa ba."

Umma, ke kika tsaya a bakin shinge ranar da ta tashi ita kaɗai, ido a rufe, baki yana addu'a. Ke kika yi ta goge farar rigarta, ke kika hana mu kunna rediyo tana karatu. Ban ce ki daina tsoro ba. Ki taho da tsoronki, kujerar za ta ɗauke ku duka biyun. Don Allah, Umma, a gaban waɗannan bayin Allah, ki ce wani abu.

Abba, me ta ce?

Jama'a, ku shaida. Ta ce to, amma a tafi da ita a hankali, kuma kada a yi sama sosai.

Allah Ya sa duk wanda ya tashi ya sauka lafiya. Allah Ya saka wa malamai da alheri, Ya sanyaya zukatan iyaye, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.