Shagon da Ba Shi da Ƙofar Baya

SHARIFA: Salamu alaikum. Halo?

IDRISU: Wa alaikumus salam. Hajiya, kina ji na?

SHARIFA: Ina ji, amma sama-sama. Wa ke magana?

IDRISU: Ikon Allah! Ƙanin mijinki guda kike tambaya wa ke magana?

SHARIFA: Au, Malam Idi ne? Ai lambar ce baƙuwa.

IDRISU: Layina ba ya kamawa a Inugu, sai da na sayi wani. Ina wuni?

SHARIFA: Lafiya lau. Ina gajiya?

IDRISU: Ba gajiya. Ya Fatakwal? Ya ruwa?

SHARIFA: Ruwa ya yi gyara. Tun asuba yake zuba, Trans-Amadi duk ta zama kogi. Ya baƙunta?

IDRISU: Alhamdu lillahi. Ya ƙafar taki?

SHARIFA: Da sauƙi. Ka ji daga Anaca? Ya Ramlatu da yara?

IDRISU: Suna lafiya, jiya muka yi waya. Tana gaishe ki. Har ta fara ɗaure kwanukanta a buhu.

SHARIFA: Tun yanzu?

IDRISU: Na ce ta dakata, ta ce shekara ashirin da biyu take jira mijinta ya riƙe shagon kansa, ba za ta ƙara kwana ɗaya ba. Ya 'yata Yasmin?

SHARIFA: Lafiyarta ƙalau.

IDRISU: Ba ta kusa in gaishe ta?

SHARIFA: Ba ta kusa. Ya ake ciki, ka samu wurin?

IDRISU: Na samu, Hajiya. Wallahi na samu. Kin san Kasuwar Artisan, inda tirelolin tumatir suke sauke kaya? To daga bakinta, idan ka... halo? Halo?

SHARIFA: Ina ji. Wani ne yake hon a kunnenka.

IDRISU: Tirela ce, bari in matsa. Yauwa. Shago ne babba, ƙofa biyu tsakaninsa da masallaci. Na wani Alhaji ne ɗan Funtuwa, ya san marigayi Yaya. Da na ce masa kantin Baiwa ne zai buɗe reshe na uku, cewa ya yi ko gobe in zo in karɓi makulli.

SHARIFA: To madalla. Ka zauna a wurin?

IDRISU: Na zauna mana. Benci na samu, na fito da carbin Yaya ina ƙirga masu wucewa, yadda yake yi. Sai da na ja mutum ɗari huɗu da wani abu na gaji na bari.

SHARIFA: Wace rana?

IDRISU: Shekaranjiya.

SHARIFA: Juma'a ke nan.

IDRISU: Juma'a.

SHARIFA: Da wane lokaci?

IDRISU: Wajen ƙarfe biyu da rabi haka.

SHARIFA: Malam Idi, yayanka mata masu jaka yake ja wa carbi. Kai masallata ka ja wa.

IDRISU: To masallata ba mutane ba ne? Ba sa cin tuwo?

SHARIFA: Suna ci, amma ba su suke tuƙawa ba. Cikin ɗari huɗun nan naka mata nawa?

IDRISU: Ban ware ba.

SHARIFA: Ka tuna dai.

IDRISU: Akwai wata mai fura.

SHARIFA: Ita ma sayarwa ta zo yi. Direbobi ne da 'yan dako da masu awaki, matansu suna Sakkwato da Gusau. La'asar ta yi su nufi wajen mai abinci. Wane ne cikinsu zai shigo kanti mai gilashi ya sayi kukar da aka tankaɗe aka liƙe a leda? Kuma taku goma daga nan ga ta a mudu, cikin kasuwa, wajen 'yan uwansu. Dakata... Madam, welcome o. Taste am first, na new honey. Hashim, ba ta cokali ta ɗanɗana. Ina jin ka.

IDRISU: Na ce ai namu ne. Bahaushe ya ga kantin kayan Arewa dole ya leƙa.

SHARIFA: Zai leƙa, ya gaishe ka, ya sha ruwan sanyi, ya yi maka fatan alheri. Kai da kake bayan sikeli a Anaca shekara da shekaru, wa yake sayen accarmu?

IDRISU: Masu ciwon suga.

SHARIFA: Su wa?

IDRISU: Matan gari. Ibo.

SHARIFA: Kilishin da ake ɗaurewa a kwali a aika wa yara Turai fa? Aya da dabino na kunu? Zoɓo? Zumar Mambila? Wannan da ta shigo yanzu matar wani injiniyan mai ce, shekara shida ba ta sayi zuma a wani wuri ba. Ba don arha ba, akwai inda ya fi mu arha. Don na san sunan 'yarta, na san mijinta ba ya son yaji mai citta, kuma ranar da zuma ta zo da ruwa na kira ta na ce kada ta zo, ta jira ta mako mai zuwa.

IDRISU: Wannan ai ni na koya wa yaranki. Wa ya fara ba su gyara a Anaca? Wa yake ɓoye wa Madam Uzo man shanunta a ƙasan kanta?

SHARIFA: Kai ne. Shi ya sa na ce shagon Inugu naka ne. Ban canza ba.

IDRISU: To me ya kawo dogon bincike?

SHARIFA: Shagon yana wane hannu?

IDRISU: Kamar yaya wane hannu?

SHARIFA: Hannun masu tafiya aiki, ko hannun masu komawa gida? Ba mai tsayawa sayen daddawa da safe yana sauri. Da yamma ake tsayawa, kuma ba mai tsallaka titi saboda ita. Akwai inda mace za ta ajiye mota ba tare da ɗan dako ya goge mata madubi da buhun albasa ba?

IDRISU: Babu wurin mota. Amma akwai abin da kika tsallake.

SHARIFA: Me na tsallake?

IDRISU: Kin lissafo dokokin Yaya, benci da carbi da hannun titi, kin bar ta ƙarshe. Bayan rikicin da aka yi a Anaca, bai sake karɓar shago ba sai ya zagaya bayansa. Na Trans-Amadi da kike zaune ciki yanzu, don me ya zaɓe shi ya bar na bakin babban titi?

SHARIFA: Don mahauta suna kusa.

IDRISU: Don mutanenmu suna kusa, kuma yana da ƙofar baya. To wannan ma yana da ita. Ta fita wani lungu, lungun ya kai ka tsakiyar unguwar Hausawa. Daga nan zuwa bariki minti goma sha biyu. Da ƙafata na taka, sau biyu. Na biyun da sauri, minti takwas.

SHARIFA: Ashe ka yi aiki.

IDRISU: Na yi.

SHARIFA: Sai dai ba masu saye ka auna ba.

IDRISU: Mai saye yana da amfani ne idan mai shago yana da rai.

SHARIFA: Haka ne. Ita Yasmin cewa ta yi wanda ta gani ba shi da...

IDRISU: Wa?

SHARIFA: Halo? Layin nan...

IDRISU: Layi ƙalau yake, Hajiya. Wanda wa ta gani? A ina?

SHARIFA: Yasmin tana Inugu.

IDRISU: Tun yaushe?

SHARIFA: Yau kwana takwas.

IDRISU: Ni kwanana biyar. Wato kafin ki turo ni kin riga kin tura ta.

SHARIFA: Ita ta tura kanta. Kuma ban hana ba.

IDRISU: Gari ɗaya muke da 'yar wana, ba ta zo ta gaishe ni ba.

SHARIFA: Ni na ce ta bari kowa ya gama nasa, kada ɗaya ya ja ɗaya. Ka san masu kiran waya daga Inugu a sa musu kaya a mota daga Anaca? Ta tattara lambobinsu, mutum hamsin da uku. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya da yarensu, ta tambayi unguwar kowa da hanyar da yake bi ya koma gida. Talatin da takwas ta New Haven suke bi.

IDRISU: New Haven.

SHARIFA: Ta samu shago tsakanin kemis da gidan burodi, a hannun komawa gida. Mota shida za ta tsaya a gabansa. Ta zauna Talata, Laraba, Alhamis da Asabar, daga la'asar zuwa magariba.

IDRISU: Da carbi?

SHARIFA: Da waya. Lissafin dai ɗaya ne.

IDRISU: Na wa ne shagon?

SHARIFA: Na ƙanwar Madam Uzo. Ita Madam ɗin ce ta haɗa su, ta ce ta gaji da aika wa danginta acca a mota.

IDRISU: Hausawa nawa ne a layin?

SHARIFA: Akwai mai shayi. Da wani maigadi ɗan Nijar.

IDRISU: Biyu.

SHARIFA: Biyu.

IDRISU: Bayansa fa?

SHARIFA: Katanga ce.

IDRISU: Akwai ƙofa?

SHARIFA: Babu. Katangar coci ce, ba a fasawa.

IDRISU: Hm.

SHARIFA: Malam Idi, ka saurare ni. Can za a buɗe, na gama wannan shawarar. Reshe ɗaya muke da ƙarfin buɗewa, idan ya mutu ba za a yi na huɗu ba. Amma makulli naka ne. Matan nan sun san ka, rabinsu muryarka suke ji in sun kira Anaca. Ka zauna a bayan kanta, Yasmin ta yi maka wata uku ta dawo. Ramlatu ta ci gaba da ɗaure kwanukanta.

IDRISU: In kwana a ina?

SHARIFA: Akwai ɗaki biyu a saman shagon.

IDRISU: A saman. Da matata da yara huɗu. Matakala ɗaya, ƙofa ɗaya, ta fuskanci titi.

SHARIFA: Ko ka kama gida wajen Artisan ka riƙa zuwa.

IDRISU: In rana ta ɓaci da tsakar rana fa? In bi ta ina?

SHARIFA: Shekara nawa ke nan ba a yi komai ba.

IDRISU: Ranar rikicin ma da safe ba a yi komai ba. Na buɗe rumfa, na share, na auna wa wata mata gero. Ke kina Kano wankan jego, a rediyo kika ji.

SHARIFA: Na sani. Na kuma san Madam Uzo ce ta fara dawowa sayayya da aka sake buɗewa, toka ba ta gama hucewa ba.

IDRISU: Ban ce kowa mugu ne ba. Wanda ya nuna mana hanyar bayan kasuwa ma ɗan gari ne. Amma hanyar ce ta fitar da mu, Hajiya, ba kirkinsa kaɗai ba. Da katanga ce a wurin, da kirkin nasa bai yi komai ba.

SHARIFA: To yanzu me ka ce?

IDRISU: Ki bar ni in yi tunani.

SHARIFA: Mai shagon tana jiran amsa gobe, akwai mai gyaran gashi da ke son wurin. Kuma na san ka. In ka ce tunani, ka riga ka gama.

IDRISU: Na faɗa wa mutanen masallaci. Har addu'a aka yi min.

SHARIFA: Addu'a ba ta ɓaci ba.

IDRISU: Wallahi ina son shagon nan. Tun Yaya yana da rai nake son in ga makulli a aljihuna wanda ba aro ba. Amma na san kaina. Zan zauna ne ina kallon titi, tayar okada ta fashe in bar mai saye a tsaye. Ba za a yi wata biyu ba matan nan su gane, su daina zuwa.

SHARIFA: To.

IDRISU: Ki ba wani. Ni zan koma Anaca kan sikelina. Ramlatu ta kwance buhunanta.

SHARIFA: Ba wani ba ne. Yasmin ta ce in ka ƙi, ita za ta zauna.

IDRISU: Ita kaɗai? A saman shagon?

SHARIFA: Da yarinya ɗaya mai taya ta.

IDRISU: Yasmin ɗin da na saɓa a kafaɗa na tsallake gadar Asaba da ita? Shekararta huɗu, takalminta ɗaya ya faɗi a ruwa. Ita za ki ajiye a ɗakin da ba shi da mafita?

SHARIFA: Na tambaye ta sau uku. Ta ce ba ta jin komai. Ita a Anaca aka haife ta, yarensu ya fi Hausa zama a bakinta. Kuma ranar nan da kake faɗa, ta ce ba ta tuna ko abu ɗaya. Ta ce ita ba ta ga komai ba.

IDRISU: Ba ta gani ba mana. Ai ni na rufe mata ido.

SHARIFA: Malam Idi... Halo? Idi?